Yadda Za Ka Kula da Tsohuwar Ƙaramar Motar Hannu da Ka Saya, da Irin Canjin da Ya Dace Ka Yi Mata

Da zarar mutum ya karɓi makullin motar hannu, abin da zuciya ke fara raya masa shi ne sabon fenti, wili mai ƙyalli da rediyo mai amo. Ka danne wannan sha'awar tukuna. Motar da ta yi shekara 15 ko 20 a kan titi tana da abubuwan da suka fi gaggawa, kuma tsarin kashe kuɗi a kanta guda ɗaya ne: a fara da abin da zai sa ta tsaya idan an taka birki, sai abin da zai hana injinta bugawa, sai wuta, kwalliya ta zo daga ƙarshe. Sannan duk abin da mai sayarwa ya ce maka "kwanan nan aka canza shi", ka ɗauka ba a canza ba, sai fa idan ya nuna maka takarda. Ba lallai ne ƙarya ya yi ba, wataƙila shi ma haka aka gaya masa.

Kayan aikin da za ka tanada

Ba sai ka buɗe gareji ba. Ka nemi saitin sufana da soket daga lamba 8 zuwa 19, domin yawancin notunan ƙananan motoci 10 ne, ko 12, 14 da 17. Sai sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, tocilan mai haske sosai, jak, da ƙarafan tokare mota guda biyu. Ka haɗa da mazurari, faffaɗar roba ta tarar tsohon mai, tsummoki, ma'aunin iskar taya, da ƙaramar mita ta gwada wutar batir. In da hali, ka ƙara da sufana mai auna ƙarfin ɗauri da kuma ƙaramar na'urar OBD2, mai karanto matsalolin da kwamfutar mota ta gano, wadda ake haɗawa da wayar hannu.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne littafin motar. Idan bai zo da ita ba, ka nemo shi a intanet da sunan motar da shekararta. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ko jikin ƙofar direba, ita za ta tabbatar maka da ainihin shekarar da irin injin, kuma da ita za ka riƙa sayen kayan gyara don kada a haɗa ka da na wata motar. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu ma, ka ajiye a cikin motar, duk abin da aka canza ka rubuta ranar da adadin kilomita.

Mataki na 1: Ka duba ta kafin ka kwance komai

Da yamma ka ajiye motar a wuri mai daidaito, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. Da safe kwalin zai ba ka labari. Baƙin ɗigo mai kauri man inji ne. Ja mai santsi man giya ne ko na sitiyari. Kore, ruwan hoda ko shuɗi ruwan lagireto ne. Idan kuwa ka ga ruwa mai maiƙo yana bin bayan taya ta ciki, man birki ne, kada motar ta motsa sai an gyara.

Kafin ka tayar da ita, ka zaro gejin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Baƙin mai ba abin tsoro ba ne, juye kawai yake nema. Abin tsoro shi ne mai da ya koma fari-fari mai kauri, domin alama ce ta ruwa na shiga cikin mai, galibi ta gaskit ɗin kan inji. Daga nan ka murɗa makulli rabi, ba tare da ka tayar ba. Fitilun dashbod duka su kama: ta mai, ta batir, ta inji, ta jakar iska. Wadda ba ta kama ba ka yi zarginta, don akwai masu cire ƙwan fitila su ɓoye matsala. Ka sa wani ya tayar, kai kana baya kana kallon salansa. Hayaƙi shuɗi, inji na shan mai. Baƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ake ƙonawa.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da kafar OBD2 a ƙasan sitiyari. Ka soka na'urar ka karanta lambobin matsala, ka rubuta su kafin ka goge. Idan ba ka da ita, kowane bakanike mai kwamfuta zai karanta maka cikin mintuna kaɗan.

Mataki na 2: Juye

Ko man da ke ciki ya yi kyau a ido, ka juye shi, don daga ranar ne lissafinka zai fara. Ka bar inji ya yi aiki na minti biyar man ya saki, ka kashe, ka ja hambirki, ka ɗaga gaba da jak, ka sa ƙarafan tokare. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Idan ba ka da ƙarafan, ka kai ta inda akwai ramin duba mota. Bulo na siminti yana farfashewa ba tare da sanarwa ba, kada ka dogara da shi.

Ka kwance notin da ke ƙasan kwanon mai, ka bar shi ya tsiyaye sarai. Ka cire tsohuwar filta, ka tabbatar robar bakinta ta fito tare da ita ba ta manne a jikin inji ba, don roba biyu a haɗe za su zubar maka da mai duka a kan hanya. Ka shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar filtar, ka ɗaure ta da hannu kawai. Notin ƙasa ma a sa masa sabuwar washa, a ɗaure daidai. Masu koyo sun fi lalata wannan notin da ƙarfin tsiya, har zaren kwanon ya cinye.

Irin man kuwa, littafin motar ne zai faɗa, misali 5W-30 ko 10W-40. Akwai al'adar zuba wa tsohon inji mai mafi kauri wai don ya rufe ƙara. Ƙarar takan ragu, amma man mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, lokacin da aka fi samun lalacewa. Yawancin ƙananan injuna suna cin lita 3 zuwa 4. Ka zuba kaɗan-kaɗan kana duba geji, kada ya haura alamar sama. Tsohuwar motar da ke yawan gajerun tafiye-tafiye ko bin hanya mai ƙura, juye duk bayan kilomita 5,000 ko wata shida ya dace da ita. Tsohon man ka zuba a jarka ka kai wa masu karɓa, kada ka malala shi a ƙasa.

Mataki na 3: Taimin bel

A nan ne mutane da yawa ke yin asarar inji gaba ɗaya. A cikin inji akwai abin da ke daidaita motsin fistin da buɗewar bawul, ko dai bel na roba mai haƙora, ko sarƙa ta ƙarfe. Ka fara gano wanne motarka ke da shi. Sarƙa takan daɗe matuƙar ana juye a kan kari, alamar gajiyarta ita ce ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu idan an tayar da safe. Bel kuwa ba ya gargaɗi. Yana aiki lafiya lau yau, gobe ya tsinke kana tsakiyar gudu, kuma a injuna da dama fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su.

Kamfanoni sukan ce a canza shi tsakanin kilomita 90,000 zuwa 160,000, ko bayan shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga zuwa. Shekarun sun fi muhimmanci a wurinka, domin roba na tsufa ko mota tana ajiye. Idan babu shaidar ranar da aka canza, a canza. Wannan aikin ba na mai koyo ba ne, haƙori ɗaya aka kuskure inji ba zai zauna daidai ba. Ka ba wa bakanike, amma ka tsaya a kan cewa a canza har da tayoyin da ke ɗaure bel ɗin, da famfon ruwa idan shi wannan bel ɗin ke juya shi. Za a ce maka famfon yana da sauran rai. Wataƙila gaskiya ne, amma ranar da ya fara yoyo sai an sake kwance duk abin da aka kwance yau.

Bel na waje da ke juya altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, kai ma za ka iya duba shi: idan ya tsattsage ko yana ƙyalli, ko yana kuka da safe, ya gaji.

Mataki na 4: Ruwan sanyaya inji

Sai inji ya huce gaba ɗaya ake buɗe murfin lagireto. Ruwan ciki yana ƙarƙashin matsi, zafinsa kan wuce digiri 100, idan ka buɗe da zafi fuska zai nufa. Ka leƙa ciki. Idan ruwan ya yi ja kamar laka, an daɗe ana zuba ruwa zalla, tsatsa ta kama. Ka zubar ta ƙasa, ka cika da ruwa mai tsabta, ka bar inji ya yi ɗumi, ya huce, ka sake zubarwa, har sai ya fito garau. Sannan ka zuba ruwan lagireto na gaske, wanda aka riga aka haɗa, ko ka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. Amfaninsa ya wuce hana daskarewa a ƙasashen sanyi, shi ke hana tsatsa da saurin tafasa. Ka bar murfin a buɗe inji na aiki har kumfar iska ta gama fita, ka ƙara, ka rufe.

Ka matsa tiyoyin da hannu. Wanda ya yi tauri kamar itace, ko ya kumbura kusa da maɗauri, a canza shi. Murfin lagireto ma ka sa sabo mai lambar matsi iri ɗaya, ƙaramin abu ne amma yakan jawo zafin da za a yi ta neman dalilinsa.

Ka sa a duba ko tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, yana nan. Sau da yawa idan mota ta fara zafi sai a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan rufa-rufa ce. Inji an ƙera shi ya yi aiki a kusan digiri 90. Idan babu tamostat zai daɗe bai kai nan ba, kwamfutar motar ta ci gaba da ba shi fetur da yawa, man inji ya gurɓace da wuri, ainihin cutar kuma, toshewar lagireto ko mataccen famfo, tana nan daram. A mayar da sabo, a gyara fankar ta riƙa tashi da kanta.

Mataki na 5: Birki

Ka sassauta notunan taya tun motar na ƙasa, ka ɗaga, ka tokare, ka cire tayar. Ka haska takalmin birki: idan kaurin abin da ya rage bai wuce milimita 3 ba, a canza, kuma hagu da dama tare ake canzawa. Ka shafa faifan birkin, wanda takalman ke matsewa, da yatsa bayan ya huce. Zurfafan layuka ko babban tudu a gefe na nufin ya cinye. Idan takalmi ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa, sandunan da birkin ke zamewa a kai sun ƙafe, a zare su a wanke a shafa musu girishin birki. Kada ka bar kan birkin yana reto a jikin tiyonsa, ka rataye shi da waya. Bayan ka haɗa komai, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa motar, domin takun farko fanko ne.

Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Wanda ya yi baƙi ya wuce lokacinsa. Murfin tankinsa zai nuna maka DOT 3 ko DOT 4. Kada ka zuba DOT 5, ba ya haɗuwa da su. Fitar da iska aikin mutum biyu ne, ɗaya yana taka birki ɗaya yana buɗe ƙaramin noti a jikin kowace taya, galibi daga wadda ta fi nisa da tankin, kuma kada a bari tankin ya ƙafe ana cikin yi. Idan ba ka taɓa gani an yi ba, karon farko ka tsaya kusa da bakanike ka kalla.

Mataki na 6: Taya da ƙafa

Zanen taya yana ruɗi. Ka nemi rubutun DOT a gefenta, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta haura shekara shida ka sa mata ido, wadda ta kai goma ka cire ta ko zanenta bai taɓu ba. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6. Safaya ma a duba ta. Iskar da ta dace tana rubuce a jikin ƙofar direba, ba lambar da ke jikin tayar ba, waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Da safe ake aunawa kafin tayar ta yi zafi.

Tun motar na sama, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Duk wani ƙwas-ƙwas na nufin boljoyin, tairod ko boris ya saki. Ka duba robar da ke rufe da bakin shaf, idan ta yage girishi ya fantsama, a canza ta kafin ƙasa ta cinye abin da ke ciki. Shokazoba mai jiƙe da mai ta mutu. Sai an gama gyaran ƙafa ake yin alaimen, wanda ya yi kafin nan zai sake. Notunan taya a ɗaure su a gicciye, ɗaya sannan na tsallakensa.

Mataki na 7: Batir, filogi da sauran ƙananan abubuwa

Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan motar ta kwana. Inji na aiki, mitar ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7. Ƙasa da haka altaneta ba ta caji yadda ya kamata. In za ka cire batir ka fara da kan da ke da alamar ragi, in za ka mayar shi ne na ƙarshe. Kada ka yarda a gwada altaneta ta hanyar cire kan batir inji na aiki, hakan na iya ƙona kwamfutar motar. Ka buɗe akwatin fiyus, duk inda ka ga an naɗa waya a maimakon fiyus ka cire, ka sa mai lambar da ta dace.

Filtar iska a canza. Filogi a cire su inji na sanyi, sababbin kuma a fara ɗaura su da hannu kafin a sa sufana. Man giya na motar da ake canza wa giya da hannu juye ne kawai. Mai sarrafa kanta ta fi son lallaɓawa: kowace da irin man da ya dace da ita, musamman CVT, wato giyar da ke aiki da bel ko sarƙa, kuma idan man ya yi baƙi yana warin ƙuna, a tsiyaye abin da ya fito a mayar da daidai shi, kada a wanke ta da injin matsi.

Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa da na but ka duba danshi da tsatsa. Ta sama-sama a kankare, a shafa maganinta, a fesa fenti. Wadda ta huda inda ƙafa ke ɗaure sai mai walda.

Mataki na 8: Canje-canje

Idan ka iso nan kuma aljihu bai ƙone ba, sai a yi maganar ƙawa. Ka ba motar wata guda tana yawo tukuna, za ka gane abin da take buƙata da gaske. A ganina canjin da ya fi kowanne amfani a ƙaramar mota shi ne tayoyi huɗu masu inganci da sababbin shokazoba. Ba mai ganin su ya yaba, amma kai da ke riƙe da sitiyari za ka ji kamar wata motar aka ba ka.

In wili kake so, ka ƙara inci ɗaya kawai, kuma tsayin tayar gaba ɗaya kada ya sauya fiye da kashi 3 cikin 100. Misali, mai 175/65 R14 za ta karɓi 185/55 R15 ba tare da ma'aunin gudu ya rikice ba. Ka tabbatar ramukan noti sun yi daidai, ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka ga ko tayar na gugar jiki. Manyan wili masu nauyi suna kashe wa ƙaramin inji ƙarfi, su ƙara shan mai, siririyar taya kuma rami ɗaya ya ishe ta. Rage tsayin mota ta hanyar yanke sifirin kada ka soma. Mai son hakan ya sayi sifirin da aka ƙera don motar.

Fitilun gaba da suka yi hazo, a goge su da takardar yashi mai laushi da ruwa, a fesa abin kariya daga rana, hasken zai dawo. Cusa ƙwan LED ko HID a gidan fitilar da aka yi don halojin kuwa yakan watsa haske ne ya makantar da mai tahowa, kai ma ba ka ƙaru da ganin nesa ba.

Rediyo mai Bluetooth da kyamarar baya canji ne mai ma'ana. Ka nemi soket ɗin da ke haɗa sabon da wayoyin motar don kada a yanka ko ɗaya. Idan za a sa amfilifaya, wayarta ta taso daga batir da fiyus nata a kusa da kan batir ɗin, kuma inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Wayoyi masu rufi ko soket ruwan ɗorawa galibi na jakar iska ne, kada mai haɗa wuta ya kusance su.

Neman ƙarin gudu a injin 1.0 zuwa 1.6 kuwa, mafi yawansa ƙara ce kawai ake saye. Salansa mai ruri da buɗaɗɗiyar filta da ke shaƙar iska mai zafi a cikin bonet ba su ƙara abin a zo a gani, fasa tukunyar tace hayaƙi kuma zai kunna fitilar inji, ya cika motar da wari, a ƙasashe da yawa ma laifi ne. Haka duhun gilashi da sauya launin mota, kowace ƙasa da dokarta, ka bincika kafin ka biya, ka kuma sanar da kamfanin inshora idan canjin babba ne. Ka riƙa yin canji ɗaya a lokaci guda, ka yi kwanaki kana tuƙi kafin na gaba, don idan wata matsala ta ɓullo ka san daga inda ta fito. Duk abin da aka cire na asali, wili ne ko rediyo, ka adana shi a wuri busasshe, mai saye na gaba zai tambaye shi.